Kirsimeti Daidai Aljihu

'Ya'yana, ku da ke Kaduna da Jos da Abuja da Legas kuna neman na kanku, na san tun da Nuwamba ya kama wasunku ba sa samun barcin kirki. Mutum ya kwanta yana lissafi: kuɗin mota zuwa gida da dawowa, zanen Mama, rigar Baba, ƙanne huɗu ko biyar da kowannensu ya riga ya turo lambar takalminsa ta waya, ga 'ya'yan yayye, ga Gwaggo wadda ba a shiga gari a wuce ƙofarta. Ya tara, ya ɗebe, ya sake tarawa, albashi dai ya ƙi kaiwa. Daga nan sai ɗayan biyu: ko ya ci bashi, ko ya kashe waya ya ce aiki ya hana shi zuwa. Duka biyun ba na so muku, shi ya sa na ce bari in yi muku magana tun da sauran lokaci.

Ba zan ɗora muku laifin rashin tattali ba, don lissafin a fili yake. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. A Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, amma a Disambar wannan shekarar buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi albashin tsada, a wasu kasuwanni har ya doshi 100,000. Ɗan bautar ƙasa kuwa 33,000 yake karɓa a lokacin. Farashi yana hawa yana ɗan sauka, saboda haka ba zan yanke muku kuɗin kowane kaya ba. Kun fi ni sanin kasuwar bana. Abin da zan iya ba ku shi ne sanin mutanen gida, abin da suke so da abin da ba su damu da shi ba, domin ni ma ɗaya ne daga cikinsu.

Ku fara da tambayar kanku daga ina wannan nauyin ya fito. Bishiyar da ake tara kwalaye masu ƙyalli a gindinta, da tsohon nan mai jar riga da farin gemu, da kwandon kayan gwangwani da ake naɗewa da leda a kai wa manya, duk daga wasu ƙasashe suka zo mana, ƙasashen da Disamba lokacin dusar ƙanƙara ne. Ba na kushe su, kowa da al'adarsa. Amma Kirsimetin da muka tashi a ciki, daga Kagoro zuwa Pankshin, daga Kaltungo zuwa Garkida da Numan, abu huɗu ne: sabon ɗinki ga yara, shinkafa da miyar kaza wadda ba kullum ake ci ba, sujada da waƙa har murya ta dushe, sai yawon gaisuwa gida-gida. Bikin ya faɗo daidai kaka. Dawa ta shiga rumbu, an tone doya da gyaɗa, an gama da acca, wanda ba shi da ko sisi ma yana da abin da zai miƙa wa baƙo. Ba a san wani abu wai kowa sai ya karɓi nasa ƙunshi da sunansa a rubuce ba. Wanda ya zo daga birni yakan kawo tsaraba, burodi da sabulu da gishiri da kwalin sukari, Mama ce za ta raba, kuma babu wanda yake tambayar nawa aka saya. Yau hotunan Facebook da WhatsApp ne ke tsara muku biki. Kun ga wani gida sun yi anko har da kyanwarsu sun tsaya gaban bishiya, ba ku ga takardar bashin da ke bayan hoton ba.

In kuma kun koma ga tushen bikin, za ku tarar gidan da ake yi dominsa gidan talakawa ne. Kowa ya haddace zinariya da lubban da mur da masanan gabas suka kawo, kamar yadda Matiyu ya rubuta a sura ta 2. Waɗannan baƙi ne masu hali. Iyayen yaron fa? Luka, shi ma a sura ta 2, ya nuna cewa da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali a Urushalima, tsuntsaye biyu ne hadayarsu, kurciyoyi ko 'yan tantabaru. Littafin Firistoci sura 12 ya bayyana dalili: ɗan rago ake nema ga mai jego, sai idan hannunta bai kai ba ne aka yarda mata da tsuntsaye biyu. Ke nan Shari'a da kanta ta buɗe ƙofa ga marar ƙarfi, su kuma suka bi ta wannan ƙofar a gaban jama'a, ba su je sun ranto kuɗin rago don kada a raina su ba. Ina mamakin yadda ake karanta wannan wurin kowace shekara, sannan a fito daga majami'a a je a jinginar da albashin Janairu saboda leshi.

Maganar bashi ce ta fi damuna. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gaskiya ne. Akwai bashin asibiti, akwai na kuɗin makaranta, waɗannan ba a zargin mai su. Bashin biki daban yake, domin abin da aka saya da shi yana ƙarewa cikin kwana biyu, shi kuwa yana nan. Janairu ba ya jin bari. Makarantu na komawa zango na biyu a makonnin farko, masu gidan haya da yawa lokacin suke tuna ku, kuma ma'aikatan da aka biya da wuri don biki sai sun ja kusan mako shida kafin wani albashi ya shigo. Mafi muni su ne manhajojin ba da rance na waya. Cikin minti goma kuɗi ya shigo, ba jingina, ba shaida. Abin da ba ku lura ba shi ne, a wasunsu, kun ba su izinin ganin duk lambobin da ke wayarku. Mako ɗaya ko biyu, ruwa ya hau kan uwar kuɗi, in kun makara sai saƙo ya fara zuwa wa fastonku da surukarku da maigidanku a wurin aiki, ana kiranku ɓarayi. Abin ya yi yawa har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, amma ba su ƙare ba. Ku auna da kanku: zanen da Mama ta ɗaura ranar 25 ga Disamba, da saƙon cin mutuncin da zai shigo wayarta a Janairu, wanne zai fi daɗewa a zuciyarta?

Saboda haka kyautar farko ba ta cin ko kwabo, sai ɗan ƙarfin hali. Ku kira gida tun yanzu ku faɗi gaskiya. «Mama, bana abin da sauƙi-sauƙi ne. Ga abin da zan iya, me ya fi matsa muku?» Na san harshe yana nauyi wurin faɗin haka, musamman ga ɗan fari da aka sayar da akuya aka kai shi makaranta. Amma ku yarda da ni, iyaye sun riga sun sani. Muna jin rediyo, muna zuwa kasuwa, kuma daga muryarku a waya muna gane ko kun ci abinci. Abin da ke ɓata mana rai shi ne alkawarin da aka yi a Oktoba aka kasa cikawa, an sa tsohuwa ta gaya wa maƙwabta ɗanta zai kawo buhu, ranar ta zo wayarsa a kashe. In kun tambaya kuma, amsar za ta ba ku mamaki. Sau da yawa abin da ake bukata bai kai rabin abin da kuka yi niyyar saye ba: murfin rijiya ya karye, batirin waya ya kumbura, bokitin wanka ya fashe.

Bayan kiran Mama, ku kira junanku. Gida mai 'ya'ya biyar a birni, kowa ya zo da ƙaramar ledarsa, sai a tashi da kwalin Lipton biyar ba man gyaɗa. Ku yi karo-karo, kowa daidai ƙarfinsa, a damƙa wa mutum ɗaya mai riƙon amana, kuma ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowa ya gani, don kuɗin 'yan'uwa in ba a rubuta ba shi ke haddasa gaba. Kada a kunyata wanda ya kawo kaɗan. Ƙanin da bai samu aiki ba a ba shi aikin zuwa kasuwa da ɗaukar kaya, wannan ma rabo ne. Ku sayi kayan abinci a inda suke araha. Babu hikima a ɗauko doya daga Abuja a kai Kafanchan, ko dankalin turawa daga Legas a kai Bokkos inda ake noma shi. Ku tura kuɗin, a saya a kasuwar ƙauye. Nama kuma, ga watanda nan da iyayenmu suka bar mana: mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi a sayi sa guda, a yanka a kasa kashi-kashi, kowa ya samu tsoka da ƙashi da kayan ciki, a farashin da ya fi na teburin mahauci sauƙi. Kusan kowace ikilisiya ko unguwa akwai masu shirya ta. Wanda kashi guda ya fi ƙarfinsa ya nemi abokin rabi.

Yanzu ga tsofaffi, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan kuka fi yin kuskure. Kuna saya mana abin da zai yi kyau a hoto, mu kuwa abin da ke damunmu a Disamba sanyi ne. Hunturu ba ya wasa da tsoho. A tudun Jos, da ke sama da mita 1,200 daga teku, asuba takan sa gwiwa ta ƙi miƙewa, kuma ko a Zuru ko Billiri iskar ba ta raga wa kowa. Takalmi mai tsini da agogo mai ƙyalli za su shiga akwati su zauna har a raba gado. Amma rigar sanyi mai kauri, da safa ƙafa biyu, da hular ulu mai rufe kunne, waɗannan kullum za a sa su har Fabrairu, kuma kullum za a ambaci sunanku. Kada ku ji kunyar gwanjo. Ku je Katako a Jos ko Kasuwar Barci a Kaduna da sassafe ranar da ake fasa dila, ku zaɓa da natsuwa, ku duba hammata da wuya da maɓalli, ku wanke ku goge ku ninke. Sau da yawa ta gwanjon ta fi sabuwar kanti kauri da ƙarko. Bargo ma haka. Bargon yana da wani amfani da ba ku tunani: tsohon da ya ji ɗumi ba zai shigar da kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa da taga ba, kuma hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya farka ba. Ku haɗa da kwalbar man kaɗe ko basilin saboda faso da kaushi, da ɗan man zafi na shafa wa gaɓoɓi. In da sauran canji, filas ɗin ruwan zafi: Kaka ta tashi da asuba ta haɗa shayinta ko ta dama kununta ba sai ta fita tsakar gida hura wuta ba.

Akwai kuma abubuwan da tsoho ba zai roƙa ba sai kun lura da kanku. Ku dubi yadda Baba ke riƙe Littafi Mai Tsarki. In ya miƙe hannu can nesa yana ƙanƙance ido, ko ya fara cewa jika ya karanta masa wai don yaron ya koya, tabarau yake bukata. Na karatu ba shi da tsada, amma ya fi kyau a auna idon tukuna, domin hawan jinin ido yana cin gani a ɓoye ba ciwo. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, kuma manyan asibitocin jiha da yawa suna da sashen ido. Ku dubi ledar maganin Mama. Masu hawan jini da ciwon suga da yawa suna tsallake kwana, ko su raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, ba za su gaya muku ba. Maganin wata biyu, irin wanda likita ya rubuta mata, daga kantin magani mai rajista, ya fi turmin atamfa. Ku dubi abin da suke haskawa da dare. Kananzir ya zama kayan masu kuɗi, ƙaramar fitilar sola mai cajin waya kuwa sau ɗaya ake saye. Wanda idonsa ya riga ya yi rauni, ku sa masa karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa da waƙoƙin sujada a memori, ku saka a wayarsa ko a ɗan rediyo mai cin memori. Ana samun karatun kyauta a intanet, ku kuka san hanyarsa. Tsohon Littafin Waƙoƙin Mama da bangonsa ya rabu, kada ku yi saurin musanya shi da sabo, akwai sunaye da ranaku da ta rubuta a ciki. Ku kai wa masu ɗinkin littafi su yi masa bango. Hotunan jikoki kuma da suka cika wayoyinku, ku wanke guda uku ko huɗu ku sa a firem. Mu ba mu iya murza gilashin waya ba, bango muke kallo.

In zanen ne dai ya zama dole, ku tuna turmi yadi shida ne, falle uku. Ba laifi ba ne a raba turmi ɗaya tsakanin Mama da Gwaggo, ko a fitar wa yara mata biyu riguna daga ciki. Ku tambaya ko zanen Zumuntar Mata ne nata ya koɗe, don shi ta fi ɗaurawa. Ga Baba manomi kuwa, musamman a ƙasar citta, Kachia da Jaba da Kagarko, inda cuta ta cinye gonaki a daminar 2023, alkawarin rabin buhun taki a watan Afrilu, in za ku cika, ya fi babbar riga a Disamba.

Yara su ne masu bikin, ban yarda a hana su murna da sunan tattali ba. Sai dai murnar yaro ba ta san farashi ba. Motar roba mai batir da bindigar ruwa ba sa kai Sabuwar Shekara, nokawut kuma ƙona kuɗi ne a zahiri, ga ƙuna a hannu, ga tsorata unguwa a wuraren da ƙarar fashewa ba abin wasa ba ce. Shi ya sa 'yan sanda ke hana shi kusan kowace shekara. Ƙwallo guda ɗaya ta ishi yaran gida duka har da na maƙwabta. Sandal mai ƙarfi za ta je sujada ranar biki ta kuma je makaranta a Janairu. Dozin ɗin littafin rubutu da biro da fensir, in aka raba aka rubuta sunan kowane yaro da kyakkyawan rubutu, kun faranta wa yaron kun kuma sauke wa uwarsa nauyi. Ga wata tsohuwar dabara da na so a farfaɗo da ita: a ba yaro kaza budurwa a ce tasa ce. Zai koyi ba ta tsaba da ruwa, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, kafin wata Kirsimetin yana da abin sayarwa, wasu ta haka suka kai ga akuya. Ku dai nemi ma'aikacin dabbobi ya yi mata rigakafi, don hunturu ne lokacin annobar kaji. Manyan yara, masu shirin WAEC da JAMB, ku zauna da su ku duba takardunsu, ku sa hannu a kuɗin rajista ko kaɗan ne. Abu ɗaya kawai zan ja kunnenku a kai: kada ku bambanta. In ba za ku iya ba 'ya'yan ɗakin Mama da 'ya'yan kishiyarta ko marayun da ake riƙo a gidan abu iri ɗaya ba, gara ku sayi alewa leda guda a raba daidai. Yaro yakan manta abin da aka ba shi, amma ranar da aka tsallake shi tana nan har ya yi furfura.

Wanda aljihunsa ya bushe ƙaf, hannunsa bai bushe ba. 'Yata, in kin iya cincin, mudu biyu na fulawa da sukari da bota da mai za su cika robobi da yawa, kowane gida a kai ɗaya. Haka soyayyiyar gyaɗa a kwalba, da kantun riɗi, da yajin ƙuli mai citta, da dambun nama in an samu watanda. Mai saƙa ta saƙa hular jariri, mai ɗinki ta karɓi tsofaffin kayan gida ta gyara zif da maɓalli, mai kitso ta zaunar da Kaka da ƙanne ta yi musu a daren jajibiri. Kai kuma ɗana, ka isa gida kwana uku kafin biki da tsofaffin kaya a jaka. Ka hau rufi ka toshe inda ya yi yoyo da damina, ka gyara ƙyauren da ke ja a ƙasa, ka shafa wa ɗakin Baba farar ƙasa, ka faskara itacen da zai kai su wata guda. In akwai sauran dawa a masussuka, ka tuɓe riga. Ka karɓi wayar tsoho ka goge tarkacen da ya cika ta, ka ƙara girman rubutu, ka koya masa kada ya ba kowa lambar sirrin katinsa ko da an ce daga banki ake kira, domin Disamba kakar 'yan damfara ce. In ɗan fansho ne, ka duba masa takardun tantancewa. Mu da muke zaune a gida mun san wanda ya zo ya yi aiki da wanda ya zo da mota ya wuni a mashaya da abokai, ya ƙarar da abin da ya isa kuɗin makarantar ƙanwarsa, sannan ya ce zamani ya yi tsada.

Ku ma'aurata, ba zan tsawaita ba. Ku zauna ku yanke abin da za a kai gidan miji da gidan mata tare, a fili, kada ɗaya ya ɓoye wa ɗaya. Tsakaninku kuma, maigida, in ka karɓi wankin yara da jidon ruwa na kwana biyun nan da uwargida ke tsaye kan murhu tun asuba, ka ba ta abin da babu shi a kanti.

Kada a rufe tukunya ba a fitar da na maƙwabta ba. A garuruwanmu an saba, ranar Kirsimeti kwanuka suna fita zuwa gidajen Musulmi, ranar Sallah su dawo da nasu, kuma iyayenmu sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka kaza ko akuyar don kowa ya ci hankali kwance. Rikice-rikicen Kaduna da Jos sun raba unguwanni, wannan al'adar ta yi rauni a wurare da yawa, amma inda take da sauran rai ku riƙe ta, kwanon shinkafa ɗaya ne. Ku aiki yara su kai, su ma su samu tukwicinsu. Sannan ku duba cikin ikilisiya. Akwai gwauruwar da ba ta da ɗa a birni, akwai waɗanda aka kora daga ƙauyukansu suna zaman aro a gidajen dangi da azuzuwan makaranta. Mutanen Bokkos da Barkin Ladi ba za su manta jajibirin Kirsimetin 2023 ba, lokacin da aka kashe sama da mutum 100 cikin kwana biyu. Irin waɗannan, mudun shinkafa da kwalbar manja da tsohuwar rigar sanyinku mai kyau suna da nauyi a wurinsu. Ku ba su ta hannun dattawa ko shugabar Zumunta, a asirce. Ku bar wayar a aljihu. Wanda aka ɗauki hotonsa yana karɓar mudun shinkafa ya riga ya biya kuɗinta da mutuncinsa.

Sauran magana ta lokaci ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tela da ya karɓi ɗinki bayan 10 ga Disamba, ko ya ninka kuɗi ko ya ɓuya ranar 24. Kaji da tumatir da kuɗin mota duk suna tashi a makon ƙarshe, don haka abin da ba ya lalacewa ku saya tun yanzu, wanda kuma aikinsa ya ba shi dama ya taso kafin 20 ga wata, ya kuma yi tafiyar rana. Na baɗi kuwa a Janairu ake fara shi: asusu ko adashe da mutanen da kuka sani, naira 2,000 a wata ta zama 22,000 kafin Disamba ta kama, ba ruwa, ba mai yi muku barazana.

Kafin ku bar birni, ku ware kuɗin motar dawowa da na abincin mako biyun farko na Janairu, ku bar su a wani asusun da ba ku tafi da katinsa ba, ko a hannun wanda ba zai ji tausayinku ba in kun kira shi ranar 26. A gida hannu ba ya rufuwa. Wannan ya gaishe ku, wancan ya raka ku, kafin ku farga aljihu ya yi fayau. Mun sha ganin saurayi ya shigo gari yana rabon sababbin kuɗi, ranar komawa Mama ce ke kwance bakin zane, ko ta kama kazar da ta bari don iri ta aika kasuwa, don ya samu na mota. In kuma ta haɗa muku tsarabar komawa, doya da gyaɗa da garin masara da daddawa, kada ku ce kaya sun yi nauyi ko mota ba wuri. Ku karɓa duka, ku biya kuɗin kayan a tasha. Ita ma tun kaka take ware muku shi, kuma zai riƙe ku har albashi ya fito.